Tsakanin umarnin Alhaji da kundin doka: halin da masu kula da ma'aikata ke ciki a Maraɗi

Daga ranar 1 ga Janairun 2024, mafi ƙarancin albashi a Jamhuriyar Nijar ya tashi daga sefa 30,047, inda ya tsaya tun shekarar 2012, zuwa sefa 42,000. A Yamai aka sa hannu, gidajen rediyo suka yaɗa labarin. Sai dai doka ba ta shiga aljihun mai gadi ko leburan sito da ƙafarta. Dole wani ya buɗe littafin albashi, ya soke tsohon adadi ya rubuta sabo, sannan ya ɗauki takardar ya kai gaban mai kamfani ya shaida masa cewa abin da zai fitar a ƙarshen wata ya ƙaru. A manyan ma'aikatu ana kiran wannan mutum shef pasonel. A ƙananan kamfanonin Maraɗi kuwa sau da yawa akawu ne, ko mai lissafin kuɗi, ko wani ɗan ƙanen Alhaji da ya yi boko, aka ɗora masa kula da ma'aikata a kan sauran ayyukansa.

Ko wane suna aka ba shi, matsayinsa ɗaya ne. Mai kamfani ke biyansa albashi, doka kuma ta ɗora wa kamfanin nauyin da ta hannunsa ake saukewa. Ma'aikata na kallonsa a matsayin ɗan koren maigida, maigida na zargin ya fiye tausayin ma'aikata, dangi kuma na ganin Allah ya kai nasu bakin rijiya. Wannan rahoto ya duba irin tsaka mai wuyar da masu wannan aiki ke shiga a birnin Maraɗi da kewayensa, daga Tibiri zuwa Jiratawa.

Gari mai doka biyu

Kafin a yi kundin dokokin ƙwadago, Maraɗi na da nata tsarin aiki, kuma har gobe yana nan da ransa. Cinikin gyaɗa a zamanin Turawa, sannan fataucin kaya tsakanin Nijar da Najeriya bayan samun 'yancin kai, su suka haifar da attajiran da ake kira Alhazai. Wani mai bincike Bafaranshe, Emmanuel Grégoire, ya wallafa littafi a kansu a 1986, inda ya nuna cewa ƙarfin Alhaji bai tsaya ga kuɗi ba, ya haɗa da arzikin mutane, wato yawan barorin da ke ƙarƙashinsa. Tsakanin ubangida da bara babu takarda, babu ƙayyadadden albashi. Amma akwai haƙƙi. Ubangida ke yi wa yaronsa aure, ya ɗauki ragon suna, ya biya kuɗin asibiti, ya yi masa ɗinkin salla, in ya ga ya kai ya ba shi jari ya tsaya da ƙafarsa. Alhajin da ya yar da baransa cikin tsufa ko rashin lafiya, gari ne zai yi da shi.

A ɗaya gefen akwai doka mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumban 2012, wadda ta maye gurbin kundin 1996, da dokar zartarwarta ta watan Agustan 2017. Ita wannan ba ta san bara ba. Duk wanda ya sa ƙarfinsa ko basirarsa a ƙarƙashin umarnin wani don a biya shi, ma'aikaci ne a wurinta, ko an rubuta kwantaragi ko ba a rubuta ba, kuma yana iya kafa hujja da duk shaidar da ya samu. Ta ƙayyade aikin sa'a 40 a mako, hutun kwana biyu da rabi a kan kowane watan aiki, takardar albashi a kowane biya, da takardar shaidar aiki ranar rabuwa.

Kowane tsari cikin biyun nan yana da abin da yake kare mai ƙaramin ƙarfi da shi. Matsalar da mai kula da ma'aikata ke gani kullum ita ce yadda wasu masu kamfani ke tsintar abin da ya yi musu daɗi daga kowanne su bar sauran. In an zo maganar kwantaragi da rajista, sai ka ji an ce, "Haba, ai ɗan gida ne, wace irin takarda kuma tsakanina da shi?" In ciniki ya ja baya ko yaro ya kwanta ciwo, sai a ce, "Nan fa kamfani ne, ba gidan marayu ba." Sai ma'aikaci ya tashi babu ragon suna, babu fansho. Shef pasonel kuwa shi ne mutum ɗaya a gidan da ya san dokokin biyu, ya kuma san ranar da aka hana wa mutum duka.

"A duba mini yaron nan"

Jarrabawa ta farko tana zuwa ne tun kafin a ɗauki kowa. Da zarar an ji wata ƙungiya ko kamfani za ta ɗauki direba, ko mai tsaron sito, ko ma'aikacin jinya, zauren mai kula da ma'aikata ba ya rabuwa da baƙi. Bayan sallar isha'i dattijo zai yi sallama, a shimfiɗa masa tabarma, a gaisa a tambayi iyali da gajiya da damina. Sai can wajen tashi ya zaro ambulan daga aljihun babbar riga ya ajiye a gefen tabarmar.

"Takardun ƙanenka ne. Shekara uku ke nan da ya gama jami'a yana zaune. A duba mini shi."

"To kawu, in Allah ya yarda. Sai dai gasa za a yi, kuma ba ni kaɗai ke zaɓe ba."

"Mun sani. Amma ai kai ne a wurin."

Babu cin hanci a cikin wannan zance, babu barazana. Amma in yaron bai samu ba, maganar za ta kai kunnen uwar jami'in, za a tuna masa wanda ya biya masa kuɗin makaranta lokacin da mahaifinsa ya rasu, kuma zai ga canjin fuska a wurin suna da jana'iza. Wani lokacin kuma wayar daga sama take fitowa, daga ɗan siyasa, ko wani na kusa da fada, ko babban jami'in da kamfanin ke buƙatar sa hannunsa gobe. Matsin yana da tushe. Ƙidayar 2012 ta samu mutum sama da miliyan 3.4 a jihar Maraɗi, da sama da 267,000 a birnin kaɗai, mafi yawansu matasa. Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo na yaye ɗalibai kowace shekara, guraben aikin albashi kuma 'yan kaɗan ne.

Doka ta yi magana a fili. Sashe na 5 na kundin ya hana mai ɗaukar aiki duba jinsi, ko shekaru, ko asali, ko addini, ko ra'ayin siyasa, ko naƙasa, ko zama ɗan ƙungiyar ƙwadago wajen ɗauka, ko ƙarin girma, ko horo, ko sallama. Ana kuma son a sanar da hukumar samar da ayyukan yi ta ƙasa, ANPE, gurbin da ake da shi. Maganar asali tana da nauyi a yankin da har yanzu ake tambayar gidan da mutum ya fito kafin a ba shi aure, kuma wannan tambayar kan bi mutum har teburin tantance takardu, ba tare da kowa ya furta ta ba.

Ƙasar ta riga ta ga inda alfarma ke kaiwa in ta yi yawa. A 2016 gwamnati ta soke gasar ɗaukar ma'aikatan lafiya sama da 1,800 bayan binciken hukumar yaƙi da cin hanci ta HALCIA ya gano maguɗi, aka kuma tsare mutane da dama, ciki har da jami'an da aikin ya bi ta hannunsu. Darasin da masu wannan sana'a suka ɗauka shi ne, wanda ya buga waya ba ya barin sawu, wanda ya sa hannu a jerin sunaye shi ake kira. Shi ya sa waɗanda suka ƙware ba sa yarda su zauna su kaɗai a kan ɗaukar aiki. Sukan kafa kwamiti na mutum uku ko biyar, a rufe sunaye a kan takardun jarrabawa, a rubuta maki kowa ya sa hannu, in ɗan'uwansu na cikin masu nema su fita daga ɗakin. Hakan na kare su a gaban alƙali, yana kuma ba su abin faɗa wa kawu ba tare da sun yi ƙarya ba.

Lissafin da ake yi a ɓoye

Jarrabawa ta biyu lissafi ce. Asusun tsaron zaman jama'a na ƙasa, CNSS, wanda aka kafa a 1965, shi ke biyan fansho, da kuɗin iyali, da diyyar haɗari a wurin aiki. Ma'aikata na kiransa kes. Ana cire kashi 5.25 cikin ɗari daga albashin ma'aikaci, mai kamfani ya ƙara kashi 16.40 daga aljihunsa. A kan albashin jika 100, wato sefa 100,000, ma'aikaci zai bada 5,250, kamfani ya bada 16,400. Kamfanin da ke da mutum 20 a wannan albashi zai zuba sefa 328,000 kowane wata, kusan miliyan huɗu a shekara. Ɗan kasuwar da ya saba lissafin ribar kowane buhu ba ya ganin wannan adadi ya yi shiru.

Daga nan dabaru ke fitowa, kuma duk ta hannun mai kula da ma'aikata ake son a bi da su. A yi rajistar mutum takwas a bar goma sha biyu. A rubuta wa kes mafi ƙarancin albashi, ragowar a miƙa a hannu da sunan alheri. A riƙa sabunta kwantaragin wata uku-uku shekara da shekaru, alhali doka ta ƙayyade kwantaragi mai wa'adi ga shekara biyu da sabuntawa sau ɗaya. A ajiye matashi a matsayin mai koyon aiki har ya yi aure ya haihu. Mafi muni shi ne a cire kason ma'aikaci daga albashinsa amma kada a kai shi kes. Mutum ba zai gane ba sai ranar da injin ya cinye masa yatsu, ko ya cika shekara 60 ya je neman fansho aka duba aka ce sunansa babu.

Wani abin da ke ɗaure wa jami'in kai shi ne, sau da yawa ma'aikacin da kansa ke roƙon a bar rajistar. "Shef, don Allah ka ba ni kuɗina cif. Wa ya san wanda zai kai shekara sittin?" Ga mai iyali da ke auna hatsi da tiya kullum, jika biyar ba ƙaramin abu ba ne. To amma yardar ma'aikaci ba ta sauke wa kamfani nauyi, kuma matar da zai bari da marayu ba ta cikin waɗanda aka yi shawara da su.

Jiratawa: inda doka ke sirancewa

Kilomita kaɗan kudu da birni, a bakin Gulbin Maraɗi, akwai fadamar noman rani ta Jiratawa a gundumar Madarunfa. An shimfiɗa ta a farkon shekarun 1980, faɗinta ya haura hekta 500, ruwanta daga rijiyoyin burtsatse da famfunan lantarki ke jawowa, manoma na tafiyar da ita ta ƙungiyoyin haɗin gwiwa tare da hukumar kula da filayen noman rani, ONAHA. Zogalen Jiratawa ya yi suna har Yamai da kasuwannin Najeriya, ban da barkono da albasa da alkama da sauran kayan lambu.

A nan babu ofishi mai allo a ƙofa da aka rubuta kula da ma'aikata, amma aikin yana nan. Akwai masu kula da famfo, da masu gadi, da masu riƙe littafin kuɗi, waɗanda albashinsu ke fitowa daga kuɗin ruwa da manoma ke biya. Shugaban ƙungiya ko sakatare shi ke ɗauka, shi ke horo, shi ke sallama, kuma waɗanda yake yi wa hakan maƙwabtansa ne, wasu surukansa, dukkansu kuma suna da baki a zaɓen da zai dawo da shi kan kujera ko ya sauke shi. In damina ta ɓaci ko farashi ya faɗi manoma suka kasa biyan kuɗin ruwa, takardar wutar lantarki ba ta jira. Wanda ke iya jira shi ne mai gadi, don haka albashinsa ake fara jinkirtawa.

Bayan su akwai 'yan barema da ake ɗauka da safe a sallama da yamma, da mata masu tsinkar ganyen zogale da shanya shi, waɗanda ake biya da yawan abin da suka tara. Kundin ya san da ma'aikacin yini, ya kuma ƙayyade wa aikin gona sa'a 2,400 a shekara, ya hana sa yaro ƙasa da shekara 14 aiki. Nijar ce ma ƙasa ta farko a duniya da ta amince da ƙarin yarjejeniyar 2014 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kan aikin tilas, a shekarar 2015. Amma in uwa ta zo da 'yarta 'yar shekara goma tana taya ta cika buhu, mai lambu zai ce bai ɗauki yarinyar aiki ba, uwar kuma za ta ce koyon sana'a take. Jami'in wata ƙungiyar raya karkara ko kamfanin da ke sayen ganyen don sarrafawa, in yana da tsari a rubuce da ya hana aikin yara, shi ke tsayawa yana auna abu biyu: in ya kori yarinyar ya rage wa gidan abin cefane, in ya kau da kai ya saɓa wa abin da ya sa wa hannu. Masu hankali cikinsu sukan nemi tsakiya, su tsaya kan cewa ba yaro a fili lokacin makaranta, ba yaro kusa da maganin feshi, su kuma gyara farashin uwar yadda ba sai ta nemi ƙarin hannu ba.

Sirrin da ke cikin durowa

Babu wanda ya san cikin ma'aikata kamar mai riƙe da fayil ɗinsu. Ya san mai bashi, ya san wanda kotu ke cire wa kuɗin ciyarwa, ya san abin da likita ya rubuta. Sashe na 5 ya ambaci cuta mai karya garkuwar jiki da amosanin jini, wanda a nan aka fi sani da emasi, cikin abubuwan da ba a yarda a nuna wa mutum bambanci a kansu ba. Akwai kuma dokar kare bayanan mutane, wadda aka fara yi a 2017 aka sabunta a Disamban 2022, da hukumar HAPDP mai lura da ita. Duk da haka, ranar da maigida ya kira ya ce, "Me ke damun yaron nan ne yake ta fashin aiki? Kawo mini takardunsa in gani," jami'in na da daƙiƙa kaɗan ya yanke shawara. Abin da ya halatta ya faɗa shi ne likita ya ba da hutun kwana kaza. Sunan cutar ba nasa ba ne da zai bayar. A garin da kowa ya san kowa, kalma ɗaya da ta fita daga ofis tana iya fasa baiko a Tibiri kafin mako ya zagayo.

Lamarin mata ya fi kowanne tsauri. Doka ta ba mai juna biyu hutun mako 14, ta hana a sallame ta a cikinsa, ta ba ta sa'a ɗaya a yini ta shayarwa har shekara guda. Saboda haka wasu masu kamfani sukan yi hannunka mai sanda tun wajen ɗauka: "Kada ka kawo mini amarya." Ba za a rubuta wannan a ko'ina ba, jami'in ne ake so ya nemo wani dalilin da zai ajiye takardunta gefe.

Sashe na 45 ya haramta neman mace da lalata ta hanyar amfani da muƙami, kundin hukunta laifuka ma ya tanadi ɗauri da tara. Amma ƙarar ba ta zuwa a rubuce. Yarinya za ta shigo ta rufe ƙofa, ta daɗe tana murza bakin mayafi, sannan ta ce a canza mata wurin aiki, ba ta son a tambaye ta dalili. In ta faɗa, roƙonta na farko shi ne kada mijinta ko mahaifinta ya ji, don ta san hukuncin gida shi ne ta bar aikin. Wanda take ƙara kuma yana iya zama shi ke sa hannu a kan albashin jami'in. Rufin asiri abu ne mai daraja a wurin Bahaushe, amma a nan asiri biyu ne, nata da na wanda ya cuce ta, kuma in an rufe na biyun, wata za ta shigo ɗakin nan baɗi da irin wannan magana. Ƙungiyoyin da suka yi nisa sun samar da mace da ake kai wa ƙara, da hanyar da za ta tsallake shugaban wurin ta kai sama. A mafi yawan kamfanonin 'yan kasuwa babu saman da ya wuce Alhaji.

Ranar sallama

Arzikin Maraɗi a ɗaure yake da iyakar Ɗan Isa da Jibiya, kuma shekarun baya-bayan nan sun nuna haka. Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, takunkumin ƙungiyar ECOWAS ya sake rufe hanya har Maris 2024, aka kuma yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya. Masu sito, da masu fiton kaya, da masu motocin dakon kaya, da ƙananan masana'antu duk sun ji a jikinsu. Ɓangaren ƙungiyoyin agaji, wanda ya daɗe yana cikin manyan masu biyan albashi a jihar, shi ma ya girgiza: hukumomi sun janye izinin ƙungiyar ACTED a Nuwamban 2024, sun umarci ƙungiyar agaji ta ICRC ta bar ƙasar a Fabrairun 2025, a daidai lokacin da Amurka ta dakatar da mafi yawan tallafin da take bayarwa ta hukumar USAID.

Kowane ɗaya cikin waɗannan labarai yana ƙarewa ne a kan teburin wani da aka ce ya fitar da jerin sunaye. Doka ta yarda a rage ma'aikata saboda matsin tattalin arziki, amma ta shimfiɗa hanya: a zauna da wakilan ma'aikata a gaban sufeton ƙwadago, a bayyana dalili da ma'aunin zaɓe, a duba ƙwarewa da daɗewa da nauyin iyali, a ba da wa'adi, a biya kuɗin sallama, in abubuwa suka gyaru a fara neman waɗanda aka sallama. Wanda ake tuhuma da laifi kuwa sai an ba shi dama ya kare kansa. Wakilin ma'aikata ba a taɓa shi sai da izinin sufeto.

Gajeriyar hanya ita ce a ƙirƙiro babban laifi, don mai babban laifi ba shi da wa'adi ba shi da kuɗin sallama. Sai a ce wa jami'in ya rubuta takardun gargaɗi uku ya sa musu kwanan watan baya, ko ya kira mutum ya lallashe shi ya rubuta takardar ajiye aiki da hannunsa. Wanda bai iya Faransanci ba zai dangwala yatsa a kan abin da bai karanta ba. Kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, amma kwantaragi da takardar albashi har yanzu da Faransanci ake rubuta su, kuma mai fassara wa ma'aikaci shi ne dai wanda aka aiko ya karɓi sa hannunsa. Abin da ya karanta da abin da ya tsallake, shi da Allah suka sani.

Gwamnati ma, wadda ta fi kowa yawan ma'aikata, ba ta tsira daga irin wannan taƙaddama ba. A Yulin 2017 ministan ilimin firamare Daouda Mamadou Marthé ya sa aka yi wa dubban malaman kwantaragi jarrabawar tantancewa, kimanin kashi ɗaya cikin uku ne suka samu matsakaicin maki, aka kuma soke kwantaragin wasu. Ƙungiyoyin malamai sun ce an saɓa ƙa'ida, ma'aikatar ta ce haƙƙin ɗalibai take karewa. Jami'an da ke jihohi su suka miƙa takardun ga mutanen da suka yi shekaru suna aiki tare. A Maris 2025 kuma hukumomi sun kori shugabanni uku 'yan Sin na kamfanonin mai na CNPC da SORAZ da WAPCO, cikin dalilan da aka bayar har da tazarar albashi. Ministan mai na lokacin, Sahabi Oumarou, ya ce baƙo na karɓar kimanin dala 8,678 a wata, ɗan ƙasa a irin wannan muƙami na karɓar 1,200. Irin wannan jadawalin albashi wani ne ke riƙe da shi kowane wata, yana ganin layukan biyu.

Wa ke kare mai kula da ma'aikata?

Ma'aikacin da aka zalunta yana da inda za shi. Akwai ofishin sufeton ƙwadago a Maraɗi inda ake fara neman sulhu, in ya gagara a wuce kotun ƙwadago, kuma shari'ar kyauta ce. Akwai ƙungiyoyi irin su USTN da CDTN da CNT. Sai dai sufetoci kaɗan ne ga jiha mai wannan faɗi, kuma mutane da yawa na ganin kai ƙarar wanda ka ci abincinsa butulci ne, ga tsoron kada sunanka ya zaga cikin Alhazai a ce kai mai kai ƙara ne. Da yawa sukan bar wa Allah, ko su nemi limami ko mai unguwa ya sa baki.

Shi kuwa shef pasonel, kariyar da doka ta ba wakilin ma'aikata ba ta shafe shi ba. In ya ƙi sa kwanan watan baya, ana iya mayar da shi sito ko a nemi wani. In ya yarda, sa hannunsa ne a kan takardar jabu. Abin da ya rage masa shi ne hujja da iya magana. Waɗanda suka daɗe a aikin ba sa shiga wa Alhaji da lambar sashe. Sukan ce, "Ranka shi daɗe, in muka biya shi haƙƙinsa yau jika ɗari uku ne. In ya kai mu kotu, da tara da bashin kes na shekara shida, sai ya haura miliyan, ga sunanka a bakin mutane." Sukan kuma rubuta shawararsu a takarda su ajiye kofi, ko da ba a bi ta ba.

Akwai gyaran da ba ya buƙatar sabuwar doka. Majalisar 'yan kasuwa da masana'antu reshen Maraɗi tana iya shirya wa masu kamfani da akawunansu bita da Hausa. Ana iya fassara samfurin kwantaragi da takardar albashi, da boko da ajami, yadda mai dangwala yatsa zai kai wa ɗansa ya karanta masa. Ƙungiyoyin manoma na Jiratawa na iya ware albashin ma'aikatansu a asusu daban tun ranar da aka karɓi kuɗin ruwa. Malamai, da ake saurare fiye da kowane sufeto, sun daɗe suna wa'azi kan haƙƙin ɗan ƙwadago, kuma kuɗin kes da aka cire ba a kai ba yana cikin wannan babi. Masu aikin su kansu suna buƙatar ƙungiyar da za ta tsaya wa wanda aka kora don ya ƙi yin ƙarya.

Lokaci kuma ba ya jira. Tun Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin dogo mai tsawon kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi, wanda kamfanin Mota-Engil ke ginawa. In ya iso, zai zo da manyan kamfanoni, da bankuna, da masu bincike da ke tambayar rajistar ma'aikata kafin su ba da kwangila ko bashi. Ɗan kasuwar da littafinsa ya nuna mutum takwas alhali ashirin ke masa aiki zai ga kwangila ta wuce shi, kuma wanda zai iya gyara masa littafin shi ne akawun nan da ya daɗe yana ba shi shawara yana ƙi.